Cokali da Malmala: Bin Diddigin Sunan Ciwon Suga

Kawuna ya zo daga Tsafe wata ranar Talata da takarda ninki huɗu a aljihun gaba. Ya sauka gidanmu a Tudun Wadar Gusau, aka kawo masa ruwa, bai sha ba sai da ya tambaya ko an sa wani abu ciki. Da safiyar ranar, tun kafin ya karya, an soki yatsansa a wani ɗakin gwaji, na'ura ta nuna 6.6, ma'aikaciyar ta ce masa, "Baba, suganka ya ɗan hau, sai a kiyaye." Ya shimfiɗa takardar a kan tabarma, ya danne ta da tafin hannu kamar iska za ta ɗauke.

"Ni da ko alewa ban sha," in ji shi. "Shayi ma sai lokacin sanyi. To, ɗana, ina sugan ya hito?"

Tambayar ta zauna mini, domin sunan ciwon ne ya sa masa ita a baki. Mutum ya ji "ciwon suga", dole hankalinsa ya tafi kan farin garin nan da mai shayi ke kamfata da cokali. Tun daga ranar nake bin kalmomin da ke kewaye da wannan lalura, kuma na gamsu cewa rabin wahalar wanda aka ce wa suganka ya fara hawa tana cikin kalmomin nan.

Sunan kansa baƙo ne ta fuska biyu. "Sukari" ya shigo mana daga Larabci, Larabawa sun karɓo daga Farisa, su kuma daga Indiya, inda asalin kalmar ke nufin tsakuwa ko ɓurɓushin yashi, saboda kamannin ƙwayoyinsa. "Suga" da "siga" kuwa ta bakin Turawan Ingila suka zo, kuma in an bi sawu su ma can Indiya suka tsaya. Ke nan kalma ɗaya ce ta riske mu sau biyu, da fari ta hamada, daga baya ta teku. Kakanninmu sun san zaƙi tun kafin zuwanta: zuma, rake, takanɗa, dabino, ɗinya, kanya. Abin da ba su sani ba shi ne zaƙin da aka tace, aka raba shi da ɓawo da ɓargo, ya zama ana auna shi a gwangwani. Gusau ta ga shigowarsa da idonta. Bayan layin dogo daga Zariya ya ratsa ta zuwa Ƙaura Namoda a ƙarshen shekarun 1920, garin ya zama cibiyar gyaɗa da auduga, kantuna suka buɗe, daga baya har masana'antar alewa aka kafa a nan, ban da masaƙa da matatar man gyaɗa.

Wasu al'ummu ba daga cokali suka samo sunan ba, daga fitsari suka samo shi. Likitocin Indiya na dā sun kira shi da abin da za a fassara da "fitsarin zuma", don sun lura kiyashi na taruwa inda mai ciwon ya yi bawali. Tsofaffinmu ma sun san wannan alama. Girkawa suka ba shi sunan da likitoci ke amfani da shi har yau, diyabitis, ma'ana abin da ruwa ke ratsawa ya wuce, kamar mazurari, saboda mai ciwon yana sha yana zubarwa ba ƙaƙƙautawa. Ibnu Sina ya yi bayaninsa a littafinsa Alƙanun. A ƙarni na 17 wani likitan Ingila, Tomas Wilis, ya rubuta cewa fitsarin masu ciwon yana da zaƙin zuma, kuma kalmar Latin mai nufin zuma ita ce aka liƙa wa sunan ta zama rabinsa na biyu. A 1776 Matiyu Dobson, a Libaful, ya ƙafar da irin wannan fitsari ya tarar da wani abu a ƙasan kasko mai kama da mazarƙwaila.

Duk waɗannan sunaye abu guda suka haɗa: an raɗa su ne daga abin da ido ke gani bayan ciwo ya yi nisa. Ƙoda ba ta fara zubar da suga cikin fitsari sai ya kai wajen 10 a ma'aunin jini. Kawu yana kan 6.6. Ba ƙishirwa, ba yawan fita da dare, ba kiyashi. Yana tsaye a wani wuri da tsofaffin sunaye ba su san da shi ba, domin sai da na'ura ake ganinsa.

Ga yadda likitoci suka shata wurin. In an auna jinin mutum da safe bayan ya kwana bai ci komai ba, aka samu 7.0 ko fiye, kuma aka maimaita aka tabbatar, to ciwon suga ne. Daga 6.1 zuwa 6.9 Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukarsa hawa na tsaka-tsaki. Ƙungiyar likitocin suga ta Amurka kuwa tun daga 5.6 take fara ƙirga. Akwai kuma ruɗanin ma'auni biyu. Wata na'urar tana nuna ƙananan lambobi, wata manya, sai an ninka ƙaramar sau 18 a sami babbar. Kawu ya sha wannan ruɗani da ya koma gida, wani maƙwabcinsa mai na'ura ya auna shi ta nuna 119, ya kira ni cikin dare muryarsa na rawa, wai daga shida ya tashi ɗari da wani abu a kwana uku. Lamba ɗaya ce, harshe ne biyu. Akwai kuma wani gwaji da ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, wanda iyakarsa 6.5 cikin ɗari ce, sai dai ba a dogara da shi ga mai sikila ko mai ƙarancin jini sosai, kuma duka biyun ba baƙi ba ne a gidajenmu.

Hausa ba ta da tsayayyen suna ga wannan tsaka-tsaki. Ma'aikatan lafiya, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko a asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, ko ƙananan asibitocin karkara, dole kowa ya ƙirƙiri nasa a take: "ya ɗan hau", "alamunsa ne", "yana bakin gaɓa". Mai ji kuma sai ya ɗauki ɗaya cikin biyu. Ko ya ce ai an ce ba ni da shi, ya ci gaba da yadda yake, ko ya ce shi ke nan na kamu, ya shiga zullumi da neman jiƙe-jiƙe. Ni da za a tambaye ni, da na ce a kira shi hadarin suga, hadari irin na damina. Manomi ya san hadari ba ruwa ba ne, yana iya zuba, iska kuma tana iya watsa shi, amma mai shanya ba ya jiran ɗigon farko kafin ya kwashe. Na san a rubuce za a riƙa rikita shi da haɗari, to ko an rikita ba a yi nisa da gaskiya ba. Ina fata malamai a Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta Tsafe, waɗanda ɗalibansu ne ke zuwa su zauna da mutanen ƙauye gaba da gaba, za su ɗauki wannan magana ta suna da muhimmanci, ko da ba nawa sunan suka zaɓa ba.

Sai na dawo kan tambayar Kawu. Amsarta tana hannun matarsa, ko da yake ita ba ta san ta riƙe ta ba. Duk macen da ta iya kunun zaƙi ta san in aka jiƙa hatsi ya yi tsiro, aka niƙa aka gauraya da gasara, kunu zai tsinke ya yi zaƙi ba tare da an sa sukari ko ƙwaya ɗaya ba. Zaƙin nan a cikin dawar yake tun farko, a ɗaure, tsiro ne ya kwance shi. Na ba Kawu guntun hoce na ce ya tauna ya daɗe kada ya haɗiye. Ya yi ta taunawa yana kallona, can sai ya ɗaga gira. Yawu ya fara aikin da hanji zai ƙarasa. Tuwon dawa, tuwon masara, shinkafa, burodi, garin kwaki, taliya, waina, fura, duk sitaci ne, kuma sitaci sarƙar suga ce da jiki ke tsinkawa. Sunan ya nuna wa Kawu cokali, alhali a ransa malmala uku yake tashi da su da dare, da rana ga shinkafa, da hantsi ga hura a kwano, kamar yadda muke faɗa a nan.

Ba ina wanke cokali ba ne. Kwalbar baƙin lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukarin da ya haura ƙaramin cokali 10, kuma shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada babban mutum ya wuce kusan cokali 12 a yini. Lemon malt da ake kai wa mara lafiya don wai ya ƙara jini shi ma haka yake. Gwamnatin Najeriya ta ɗora harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a dokar kuɗi ta 2021. Amma wanda ya bar lemo ya riƙe malmala uku ya toshe ƙofa ne ya bar taga a buɗe.

Sunan yana yin wata ɓarna kuma. Tun da an ce suga ne, sai a guji abin da ake kira suga a koma ga 'yan uwansa masu wasu sunaye. A sa zuma a shayi, a sa mazarƙwaila a kunu, a ci dabino ba lissafi. Zuma abu ne mai daraja a wurinmu kuma ba na musun albarkarta, amma kusan kashi huɗu cikin biyar na nauyinta suga ne, jini kuma ba ya tambayar daga amya ya fito ko daga masana'anta. Haka tuwon alkama da na acca, da suka zama tamkar "abincin masu suga" a gidajen birni. In da dusarsu aka niƙa, sun ɗan fi farar shinkafa jinkirin narkewa, haka ma gero da dawar da ba a surfe su fes ba. Amma hatsi ne, yawansu shi ne magana. Na ga gidan da ake sayen alkama da tsada a tuƙa wa Alhaji malmala uku, alhali da ɗaya ya ci ta dawar gonarsa da miyar kuɓewa da wake da datun zogale ko tafasa a gefe, da ya fi samun sauƙi, aljihunsa ma ya huta.

Akwai tsohon tunani a maganin gargajiyarmu da ya riga ciwon suga samun suna, kuma shi ya shimfiɗa masa tabarma. A wurin ungozomomi "zaƙi" lalura ce da ke taruwa a jikin mai ciki, har akwai maganin zaƙi da ake ba ta kafin haihuwa. Basir ma da zaƙi ake danganta shi. A wannan tunani kishiyar zaƙi ɗaci ce, don haka da ciwon suga ya bayyana, sai hankali ya tafi kan maɗaci da shuwaka da garahuni da ganyen dogon yaro. Kawu ya zo da gora guda a zuwansa na biyu, baƙi ƙirin, ba a san abin da ke ciki ba. Ɗacin da harshe ke ji ba shi ke sauke suga a jini ba. Ba raina tsirrai nake yi ba: metformin, ƙwayar da aka fi fara ba masu suga a duniya, asalinta daga binciken wani tsiro ne na Turai, kuma likitan Faransa Jan Sitan ne a 1957 ya raɗa mata sunan Glucophage, wato mai cinye suga. Bambancinta da gorar Kawu shi ne an san abin da ke cikinta, an san gwargwadon da ƙoda za ta iya ɗauka.

Inda kalmominmu suka fi yi mana tarnaƙi kuwa shi ne wajen jiki. Muna cewa alamar ƙarfi tana ga mai ƙiba. Mutum ya yi jiki, ya murje, ya yi ɓul-ɓul, hutu ya zauna masa: duk yabo ne. Amarya in ta yi wata uku ba ta cika ba, dangi za su fara tambayar ko lafiya take zaune da mijinta. Har akwai ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe", da 'yan mata ke saya don su yi ƙiba, kuma wasunsu irin su deksametason suna ɗaga sugan jini kai tsaye. A ɗaya gefen, rama kalma ce ta jaje. Ya rame, ya zabge, ya lalace, ya ƙanjame. Kada a manta daga wannan kalma ta ƙarshe muka samo sunan ƙanjamau, kuma tun daga shekarun da wannan cuta ta firgita mutane, duk wanda ya zube ba dalili sai an bi shi da ido. A cikin irin wannan harshe ne likita ke ce wa magidanci ya rage ƙiba. Kamar ya ce masa ya je ya sayi surutun gari da kuɗinsa.

Na fahimci dalilin wannan yabo. A ƙasar da aka san fari da yunwa, kitse ajiya ce. Amma rayuwar da ta haifi karin maganar ta canja. Kawu a dā yana tafiya gonarsa a ƙasa, ya yi huɗa, ya dawo da dami a ka. Rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Tsafe da Bungudu ya raba shi da gonar nesa, ya koma zaman rumfa yana awon hatsi, ko masallaci da babur yake zuwa. Tuwon bai ragu ba, aikin ne ya tafi. Wannan ya sa na daina yarda da sunan "ciwon masu kuɗi". Abinci mafi arha da ke cika ciki shi ne sitaci zalla, kuma talakan da aka raba da gonarsa ya dawo gefen Gusau shi ya fi kowa dogaro da shi.

Abin da bincike ya nuna game da rage jiki ba ƙarami ba ne. A Amurka an bi mutum 3,234 da ke wannan mataki na tsaka-tsaki, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, su kuma yi tafiya mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, yiwuwar kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin ɗari; waɗanda aka ba metformin ta ragu da kashi 31. Wani bincike a Finland a 2001 ya sami wannan 58 ɗin. Ga mai kilo 90 kamar Kawu, kashi 7 kilo shida ne da 'yan kai. Na ce masa nauyin tiya biyu zuwa uku na gero, sai ya yi shiru yana auna shi a ransa, don wannan ma'aunin ya sani.

Dalilin kuwa shi ne ba kowane kitse ke da laifi ɗaya ba. Na cinya da na damtse da sauƙi. Wanda ke taruwa a hanta da kuma wata doguwar tsoka da ke kwance bayan ciki, wadda likitoci ke kira pankiriyas, shi ne ke hana insulin aikinsa na shigar da suga cikin naman jiki. (Wasu masu fassara suna ce wa wannan tsoka saifa, amma saifa daban take, kowane mahauci zai nuna maka.) A nan Hausa ta yi mana gata, don ta bambanta ƙiba da teɓa da tumbi. Tumbin ne abin dubawa. Mutum ya yanki igiya daidai tsawonsa daga ƙafa zuwa ka, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa ta saman cibiya kaɗan. In ba ta haɗu ba, akwai aiki.

Sai kalmar da kowa ke son ji, warkewa. Masu tallar magani a lasifika a bakin tasha suna sayar da ita kullum. Likitoci sun fi taka-tsantsan. A Birtaniya, Roy Tela na Niyukasil da Mayik Lin na Gilasgo sun jagoranci wani gwaji da aka wallafa a ƙarshen 2017, a kan mutanen da ciwon bai wuce shekara shida a jikinsu ba. Bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari na waɗanda aka sa a tsarin rage jiki sun koma ƙasa da iyakar ciwon ba tare da magani ba. Cikin waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye kuwa, kashi 86. A shekara ta biyu kashi 46 ɗin nan ya sauko zuwa 36, domin in jiki ya dawo, suga na biyo shi. Shi ya sa ba su kira shi warkewa ba. Kalmarmu da ta dace ita ce lafawa, kamar wutar da ta lafa a murhu, garwashi na ƙarƙashin toka. Kuma a ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya aka yi wannan, ba mutum ya tsiri yunwa shi kaɗai yana kan ƙwaya ba, don sugan da ya faɗi ƙasa warwas yana iya kisa cikin sa'o'i. Mai son azumin Litinin da Alhamis in yana shan magani sai ya fara tambaya.

Dole in tsaya a kan wani abu da kalmar rama ke rufewa. Ramar da mutum ya nema da gangan daban, ramar da ta zo da ƙishirwa da yawan fitsari da kasala daban. Ta biyun alama ce suga ya riga ya yi sama sosai, asibiti take nema a ranar. Akwai kuma yaro ko saurayi da jikinsa ya daina yin insulin gaba ɗaya, wanda ba abinci ba ganye da zai maye masa allura. Akwai siraran mutane da suka tashi cikin tamowa suga ya same su. A 2025 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta amince da nasu a matsayin nau'i na biyar, bayan an shafe shekaru ana sa shi cikin jeri ana cirewa. A jiha irin tamu, inda tamowar yara ba labari ba ce, wannan ya shafe mu ƙwarai. Duk waɗannan "ciwon suga" muke ce musu, suna ɗaya, sai shawarar da aka ba mai tumbi ta bi baki ta isa kunnen wanda ba shi da abin ragewa.

Kawu ya mayar da malmalarsa ɗaya da rabi, ya ƙara wake da ganye, ya bar babur a zaure in zai tafi rumfa. Furarsa ba ta sha sukari, ludayin ma ya ƙirga. Shi da kansa ya tuna mini hadisin nan da ke koyar da raba ciki kashi uku, ya ce tun yana allo ya san shi amma bai taɓa ɗauka da tuwonsa ake ba. Bayan wata biyar muka je Bungudu tare gaishe da Goggo, yayarsa. Tana ganinsa ta kama hannun rigarsa, ta murza yadin da ya yi masa yawa a kafaɗa.

"Mi ya same ka? Ka rame haka ba wanda ya hwaɗa mini?"

"Lahiya lau nike, Yaya. Ragewa na yi."

"Ragewa kamar kayan kanti? Ko dai cuta ce kake ɓoyewa?"

Ya juyo ya dube ni, yana neman kalmar da zai ba ta. Ba ciwo gare shi ba, kuma ba zai ce ba komai ba. Goggo ba ta jira ba, ta ƙwala wa jikarta kira ta ce a dama wa kawunku hura mai kauri, a sa sukari da yawa. Kawu ya laluba aljihu ya fito da igiyarsa, ya miƙe tsaye a tsakar gida, ya fara nuna mata yadda ake ninkawa.